Goran mai nutso: laba 40, wato kilo 18, ta ishe ni da tagwayen tukwane

Ranar da na rataya kayan nutsona a ma'aunin naman Kawu na zura su cikin ruwa, allura ta tsaya a kan kilo 11 da rabi. Na daɗe a tsugune ina kallonta. Shekara biyu cur ina goye da jakar iska mai ɗaga kusan kilo 40, ina yi wa yara burga da ita a bakin ruwa, ashe kayan da nake so ta ɗauka ba su kai sulusin ƙarfinta ba.

Ni ɗan Nima ne, nan cikin Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke cewa har gobe. Abincina a ƙarƙashin jirgi yake. Mafi yawan aikin a tashar jiragen ruwa ta Tema ne: kankare ƙwanson da ke manne wa cikin jirgin kamun kifi, yanke igiya da tsumman taru da suka naɗe farfela, lalubo abin da ya faɗa ruwa. Jefi-jefi a kira mu tafkin Volta duba ragar kejin kifi. Har yau in na shiga tirotiro, motar hayarmu, da jakar kaya sai an sami mai cewa, "Bahaushe da teku?" In ce masa bai taɓa ganin hoton Argungu ba ke nan, inda Kabawa ke afka wa ruwan Matan Fada kowa rungume da goransa. Daga can ma na aro sunan abin da zan yi magana a kai. A bakin ruwa "win" muke ce masa, yadda Turawa ke kiransa, wai fiffike. Ni dai ban ga fiffike a jikinsa ba. Gora ne, kuma aikinsu ɗaya da na masunci: ya riƙe iska, ya hana ruwa haɗiye ka.

Ga wanda bai taɓa gani ba, jaka ce mai tiyub a ciki, ana matse ta tsakanin tukwanen iska da wani farantin ƙarfe da ke kwance a gadon bayanka. Kusoshi biyu ke ratsa su duka, tazarar inci 11 tsakaninsu, kuma kusan duk masu ƙera kayan sun tsaya a kan wannan awo, shi ya sa goran wannan kamfani yakan hau farantin wancan. Wata mesa mai kama da maƙogwaro tana saukowa ta kafaɗar hagu, a bakinta akwai madannai biyu, ɗaya na cusa iska daga tukunya, ɗaya na fitarwa. Ka yi nauyi ka ƙara, ka fara tashi ka rage, har ka tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa. Masu nutso cikin kogwannin ruwa na Fulorida ne suka fito da tsarin. Greg Flanagan ya yi farantin farko a 1979, kamfanin Dive Rite kuma, da aka kafa a 1984, ya shigar da shi kasuwa.

Tukwanena na alminiyam ne, waɗanda kowa ya sani da lamba 80, kowace tana cin lita 11.1, ana cika ta zuwa bar 207 a awon matsin iska. An ɗaure su da zobba biyu na ƙarfe, an haɗa kawunansu da gada mai famfo a tsakiya, ta yadda in gefe ɗaya ya fara yoyo za ka miƙa hannu bayan ƙeya ka rufe, ka tsira da rabin iskarka. Wannan da tsawon lokacin da suke ba ka a ƙasa su ne dalilin da ya sa mutum zai yarda ya goyi kayan da suka haura kilo 40 a kan tudu.

Goran farko a hannun wani ma'aikacin jirgi na saye shi a 2020, yana shirin komawa ƙasarsu yana karyar da kaya. Abu ƙato, tiyub biyu a ciki, maƙogwaro biyu, an ɗaɗɗaure shi da robobi kamar huhun goro. Da na kai wa maigidana, dattijon da ya koya mini sana'ar, wanda ya fara nutso tun ana biyansa da tsohon sidi, ya jujjuya shi ya ce, "Yaro, jirgi za ka ɗago da wannan?"

Na ce, "Baba, ai gara ya yi yawa da ya kasa."

Ya ce, "To. Allah ya ba da sa'a." Ya ci gaba da shan kokonsa.

Ba zan ɗora wa goran laifi ba, ba don irina aka ɗinka shi ba. Na mutumin da ke goye da manyan tukwanen ƙarfe ne, ga wasu rataye a haƙarƙari, a ruwan sanyi. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya a ruwa, saboda haka kilo 40 lita 40 ke nan, kusan jarka biyu a bayanka, irin waɗanda muke kira galan ɗin Kufuor. Ni kuwa lita shida ko bakwai nake zubawa ciki. Sauran yadin yana nan yana reto. In ruwa na ja, sai in ji kamar na shiga da babbar riga. 'Yar iskar da ke ciki kuma ba ta zama wuri ɗaya: in karkata dama ta gudu hagu ta ɗaga ni, in nemi fitar da ita ta maƙale a wani lungu tsakanin robobi, sai na miƙe tsaye ina girgiza kafaɗa kamar mai rawar Asauwara kafin ta fito. A ƙarƙashin jirgi, inda ba ka ganin abin da ya wuce tsawon hannunka, robobin nan sun kama ƙugiya, sun kama zaren taru, sun kama abin da har yau ban san mene ne ba. Duk na haƙura, ina ce wa kaina haka tagwaye suke.

Watan Agustan 2022 ya raba gardama. Duk mai shiga tekun nan ya san daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yake tasowa, ruwan da ka saba ji kamar na wankan jariri ya koma yana cizo, ya yi kore shar, ba ka ganin komai. Lokacin ne kuma ake hana manyan jiragen kamun kifi na tirola fita, suna ɗaure, aiki ya yi mana yawa. Muna neman sarƙar anga a mita 18 a wajen tashar Tema. Na danna madannin iska sau ɗaya, na saki, shi bai saki ba. Na ji shuuu a bayan kunne, kafaɗuna suka fara ɗagawa. Abin da aka koya mana shi ne ka cire siririyar mesar da ke kawo iska daga tukunya, nan take. Na cafko na cire. Shuuu ɗin bai tsaya ba. Ashe na ɗaya maƙogwaron na cire, domin ni da wayona duka biyun na jona, kuma a cikin duhu da safar hannu duk ɗaya suke. Kafin in lalubo na gaskiyar na bar ƙasa. A mita 18 nauyin ruwa ya kusa ninka na sarari sau uku, saboda haka iskar da ke cikin gora tana kumbura ne kana tashi, tana kumbura kana ƙara gudu. Ƙa'ida ita ce kada ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya. Ni na yi mita goma sha ɗaya cikin abin da bai fi numfashi biyar ba. Igiyar da muka sauka da ita ce Allah ya sa hannuna ya faɗa a kai. Na naɗe ta a ƙafa a mita 7, kaina ƙasa, na ja bawul ɗin fitar da iska da ke gindin goran har ya saki.

Gishiri ne ya daskare a cikin madannin, kuma ni ne ban wanke ba. Wannan nawa ne. Amma da na fito na zauna a kwale-kwale hannuna na rawa, abin da ke yawo a kaina shi ne: me ya kai ni goyon abin da in ya cika ba ni da ƙarfin da zan ja da shi, me kuma ya kai ni maƙogwaro biyu? Maigida bai ce "na gaya maka" ba. Ya miƙo mini ruwan leda ya ce, "Sha. Gobe kada ka shiga. In ka ji gaɓa na ciwo ko fata na ƙaiƙayi, ko tsakar dare ne ka buga mini." Alhamdu lillahi ban ji komai ba. Mma, mahaifiyata, ba ta san wannan labarin ba, kuma ina roƙon duk ɗan Nima da ya karanta ya bar shi a nan.

Sati na zagayowa na je rumfar Kawu a kasuwa. Na ce, "Kawu, ma'auninka na rataye nake so ka ara mini na yini guda."

Ya ce, "Ayu ka kama?"

Na ce, "Kaya zan auna a cikin ruwa."

Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda boko ya taɓa, ya ce in dawo masa da shi kafin la'asar, kuma kada ya ji warin kifi.

Ga yadda lissafin yake, kuma shi ne abin da nake so duk mai shirin saye ya yi kafin ya tura ko sisi. Gora ayyuka biyu gare shi, wanda ya fi nauyi a cikinsu shi ke yanke girmansa. Na farko, ya iya riƙe kayanka a saman ruwa ba tare da kai a ciki ba, domin a ƙaramin kwale-kwale sai ka tuɓe kayan a ruwa kafin ka hau, in suka nutse kuwa jarinka ya tafi. Shi ne na cika tukwane taf, na ɗaura ragileta biyu, wato abin shaƙar iska daga tukunya, farantin ƙarfe marar tsatsa mai kilo biyu da rabi, tocila, wuƙa, da darma kilo 2 da nake sawa a aljihun ɗamara, na matse goran ba ko ɗigon iska, na zura da igiya daga bakin gadar tasha. Kilo 11 da rabi. Na biyu, ya biya maka nauyin da kake da shi a ƙasa a farkon nutso. Iska ma tana da nauyi: abin da ke cikin tukunya lamba 80 ya kai wajen kilo 2.7, tagwaye ke nan sun haura kilo 5, kuma wannan nauyin yana raguwa ne kana shaƙa. Sai rigar roba. Ita cike take da ƙananan kumfa, a sama tana ɗaga ka, a ƙasa ruwa ya matse ta ta koma kamar fatar ganga. Na jefa tawa mai kaurin milimita 5 a duro, na yi ta ɗora mata darma, sai a kilo 4 da rabi ta nutse. Mai milimita 3 ta nutse a 2 da rabi. A mita 30, inda nauyin ruwa ya ninka huɗu, mafi yawan wannan ɗagawar ta tafi. In ka tara duka, a rana mafi muni, da riga mai kauri da tukwane cike a mita 30, nauyina bai wuce kilo 10 ba.

Kilo goma a ƙasa, kilo sha ɗaya da rabi a saman ruwa. Goran laba 40 yana ɗaga kilo 18. Rarar kilo shida da wani abu ta ishe ni in ɗaga haɓa sama da igiyar ruwa ina jiran kwale-kwale, ta ishe ni in riƙe abokin aiki in nasa ya fashe. Laba 30 ta yi mini tsamo-tsamo, laba 60 kuwa, kilo 27, ta masu manyan tukwanen ƙarfe ce. Da na duba abin da manyan kamfanoni ke yi wa tagwaye sai na ga a nan suke zagaye: Halcyon na Amurka suna da Evolve mai laba 40 da mai 60, Apeks na Ingila suna da mai 45 da mai 60, xDeep na Folan suna da Hydros 40 da 50.

Akwai abin da lambar laba ba ta gaya maka, shi ne faɗi. Kaurin tukunyata milimita 184 ne, biyun a haɗe sun kai wajen santimita 40 daga gefe zuwa gefe. Dole tsakiyar goran, inda ba ya kumbura, ta yi daidai da wannan, ta yadda iska za ta zauna a gefen tukwane, ba a ƙarƙashinsu ba. In ya yi ƙunci, tukwane su danne shi a jikin faranti, an rubuta laba 40 amma ba zai taɓa cika ya ba ka ita ba. In ya yi faɗi, ya naɗo sama ya rungume tukwanen kamar ganye ya rungume dokunu, iska ta haye can ƙololuwa inda bawul ba ya kai mata. Masu tukwanen ƙarfe na lita 12 su lura, iri biyu ne, doguwa mai kaurin milimita 171 da gajera mai 204, kuma gora ɗaya ba lallai ya zauna wa duka biyun ba. Ka ɗauki tef ɗin tela ka auna, sannan ka tambayi mai sayarwa faɗin tsakiyar. In ya kasa ba ka amsa, nemi wani.

Sai siffa. Akwai mai kama da kofaton doki, buɗe ta ƙasa, akwai mai kama da gammo, zagaye ruf. Tsohona kofato ne. A kofato, in kana kwance kanka ya ɗan yi ƙasa, iskar da ke ƙafar dama ba ta da hanyar zuwa ƙafar hagu inda bawul yake, sai ka ɗaga kai ta zagayo ta wuya. Wasu na son haka, suna cewa in ka rataya ƙarin tukunya a gefe ɗaya kana iya ajiye iska a wannan gefen ta daidaita ka, kuma gaskiyarsu ne. Ni ba na rataya komai a gefe, kuma rabin aikina kai a ƙasa nake yinsa, ina leƙen gindin farfela. Gammo na zaɓa.

Nawa ba na ɗaya daga cikin manyan sunayen nan ba ne, aljihuna bai kai ba. Wanda ya riƙe sidi a 2022 ya san abin da nake nufi: a farkon shekara dala tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 13, kullum na buɗe waya in ga kuɗin goran ya ƙaru alhali farashinsa bai motsa ba. Na sayi irin waɗanda ake ɗinkawa a Asiya kowane kanti ya manna sunansa, na sa aka kai gidan ƙanen Mma a Bronx, inda 'yan Nima suka yi sansani, ya taho mini da shi a akwati cikin Disamba, a naɗe tsakanin takalman yara da man shafawa. Laba 40, gammo, tiyub ɗaya, ba roba ko ɗaya, rigar waje ta nailan mai kauri, da zif a ciki da ake buɗewa a ciro tiyub.

Ranar Talata na fara gwada shi, ranar da masunta ba sa fita, ba kwale-kwale mai inji da zai bi ta kanka. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Ba fafatu a baya, ba abin da ke ja na. Na sauka mita 12, na ba shi iska tsit, tsit, sau biyu, na tsaya. Na karkata dama, na dawo, iska ta biyo ni ba gardama. Na sunkuyar da kai, na ɗan ɗaga ɗuwawun hagu, na ja zaren bawul, ta fita duka a ja ɗaya. A mita 5, inda ake tsayawa minti uku kafin a fito, da tsohon gora kullum kokawa nake, hannu a igiya. Ran nan na harɗe hannuwa ina kallon leda na wucewa. Kuma a agogon iska na ga bambanci: aikin da na saba fitowa da bar 60, na fara fitowa da 80 ko fiye, domin na daina tura babbar riga cikin ruwa.

Tiyub ɗaya fa, in ya fashe? Tambayar da kowa ke yi ke nan, kuma tana kan hanya. A Turai mai tagwaye yakan sa busasshiyar riga wadda ita ma ake hura wa iska, in gora ya mutu rigar ta ɗago shi. Mu nan wa zai sa wannan a zafin Tema? Saboda haka dabararmu ita ce kada ka yi nauyin da ƙafarka ba za ta iya fitar da kai ba. Dalilin da ya sa na tsaya a kan alminiyam ke nan: a cike nauyin tukunyar a ruwa bai kai kilo ɗaya ba, in ta kusa ƙarewa ma ɗaga ka take da wajen kilo biyu. Manyan tukwanen ƙarfe da rigar roba a ruwa mai zurfi, wannan haɗin ba na yi, ba na kuma ba ɗan'uwana shawarar ya yi. Na gwada da kaina, maigida na gefe: a mita 15, tukwane cike, na fitar da iskar goran kaf na taso da bugun ƙafa. Na sha wuya, cinyoyina sun yi wuta, amma na taso, ban ma jefar da darma ba. Bayan haka ina ɗauke da doguwar jakar alama ja a aljihu, wadda in na hura ta zan iya rataya a jikinta. Iya ruwa fidda kai, in ji mutanen da. Wanda ya ga lallai sai tiyub biyu, to ya bar na biyun a cire, kada ya jona, ya ji abin da ya same ni.

Yanzu aibobinsa, don araha ba ta ado. Maƙogwaron da ya zo da shi inci 16 ne, ya yi mini tsawo, yana jan ƙasa yana shiga laka, sai da na sa aka kawo mini mai inci 13. Zaren bawul ɗin gindi an ɗaura masa wani ƙwallon roba a baki. Sau biyu ƙwallon na maƙalewa a ƙarƙashin zoben tukunya ya bar bawul a buɗe, ina hura iska tana zurarewa, ina mamaki. Na yanke shi na yi ƙulli biyu a zaren, magana ta ƙare. Ƙawanyar ramukan kusoshi ta fara kore tun wata na huɗu, ga alama ba ƙarfen kirki ba ne. Madannin iska kuwa na banza ne, cikin shekara ya fara tauri. Sa'ar da aka yi irin na kowa ne, wanda ake kwancewa a sa wani, kuma tun ranar Agustan nan ba na fita ba tare da sabo a akwatin kaya ba. Baƙin launinsa ya koɗe ya koma kalar toka, wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne baƙi ne tun farko: a saman ruwa, tsakanin igiyoyi, mai kwale-kwale ba ya ganinka. Na kai wa wani mai ɗinkin takalmi a layinmu ya ɗinka mini ƙyalle ruwan lemo a kafaɗun rigar wajen, bayan na ciro tiyub na riƙe a hannuna, don na san halin basilla.

A saman ruwa, in ka cika shi tam, zai nemi kifa ka da fuska. Duk gora haka yake, tunda iskar a baya take. Kada ka cika, ka ɗaure igiyar tsakanin ƙafafu da kyau, ka kwanta baya kamar mai hutawa a kujerar malam. Kuma kada wanda ya ce zai yi tsimi ya ɗora shi a kan tukunya ɗaya. Ƙanena ya gwada, ya fito yana zagin goran, alhali dokunun da na faɗa ne ya naɗe shi.

Sau ɗaya ya huje, kuma ba a ruwa ba. Yaron mota ne ya sauke tagwayen da ƙarfi a kan siminti, gefen faranti ya datse tiyub, 'yar tsaga kamar ta reza. Yawancin hujin gora haka yake faruwa, a kan tudu. Na kai wa mai faci a bakin titi don gaggawa, facin bai kwana ba, domin tiyub ɗin ba irin robar taya ba ce, gam ɗinsu ba ya kama ta. Gam ɗin Aquaseal ne ya yi, aka bar shi ya kwana ya bushe, yana nan har yau. A nan zif ɗin nan ya biya kuɗinsa. A garin da ba ka da kantin da za ka shiga ka ce a ba ka sabon tiyub, goran da ba a buɗewa ba naka ba ne, haya kake yi. In za ka yi oda, haɗa da tiyub na ajiya, da bawul, da madanni, su zo tare a akwati ɗaya.

Wanki kuwa, ko famfo bai kawo ba, kamar yadda ya saba yi mana, ina sayen ruwan leda uku. Biyu in ɗura ta maƙogwaro, in hura da baki, in jujjuya, in zubar ta bawul. Na ukun na madanni ne, ina dannawa ina zubawa har in ji yana dawowa da kansa. Sannan in bar 'yar iska a ciki don kada tiyub ya manne, in rataye a ɗaki. Ba a rana ba, ba kuma a ƙasa ba, ɓerayen Nima ba su san dala ba.

A Volta ma na yi aiki da shi, sama da madatsar Akosombo. Ruwan daɗi bai kai na teku ɗagawa ba, bambancin wajen kashi biyu da rabi cikin ɗari ne, wanda ga mutum da kayansa masu kilo 120 ya kai kilo 3. Can nakan ajiye darma, in sauya farantin ƙarfe da na alminiyam, goran kuwa ko a jikinsa. Tafkin cike yake da itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar a 1965, suna nan tsaye a ƙasa da rassansu, ga ragar keji ta ko'ina. Duk sanda na ratsa tsakaninsu sumul sai na tuna huhun goron nan da robobinsa.

Shi ma bai tafi bola ba. Na so in sayar, maigida ya hana, ya ce kada in ɗora wa ɗan wani abin da na sauke. Ya sa na cire robobin, muka ɗaura masa igiya da ƙugiya. Watan jiya injin kwale-kwalen wani ya suɓuce a bakin tashar masunta, mita 6, ya nutse cikin laka. Muka ɗaura masa tsohon goran da wata jaka, na hura, injin ya taso a hankali yana zubar da baƙin ruwa. Maigida na tsaye a sama, hannu a baya. Da na fito ya ce, "Ka gani? Da ma na tambaye ka ko jirgi za ka ɗago."